Ɗigo Uku, Lambobi Huɗu

Ɗana, da ke 'yata, akwai wani ɗan aiki da kusan duk mai koyon rubuta manhaja sai ya ci karo da shi. Za a ba ka adireshin IP a rubuce, kamar 192.168.1.1, a ce ka mayar da shi lamba guda ɗaya. Saboda ƙanƙantar aikin, matasa kan mai da shi gasa: wa zai gama shi a layi ɗaya, wa zai rage haruffa biyu daga layin abokinsa. Ina son wannan gasa, kuma ban taɓa hana kowa shiga ba, domin tana wasa ƙwaƙwalwa tana koya wa mutum lungunan harshen da yake rubutu da shi. Abin da ke damuna shi ne ranar da layin gasar ya tsallaka ya shiga manhajar da jama'a ke dogaro da ita, ya zauna can shiru wata da watanni yana ba da amsar da ba daidai ba, ba wanda ya sani. Na sha ganin haka a hannun yara masu basira, kuma tuntuɓen kusan iri ɗaya ne kullum.

Ka fara da sanin abin da kake juyawa. Adireshin IPv4, kamar yadda takardar RFC 791 ta tsara shi a 1981 ƙarƙashin kulawar Jon Postel, lamba ce guda mai bit 32. Ɗigon nan uku don idon mutum aka sa su; na'ura ba ta san da zamansu ba. An yanka lambar gida huɗu, kowace gaɓa bit 8, shi ya sa ba ta wuce 255. Saboda haka juyawar ba ta da wani sirri. A ƙirgen da muka saba, kowane gurbi ya ninka na damansa sau 10. A nan sau 256 ne. Gaɓar farko ka ninka ta da 16,777,216, ta biyu da 65,536, ta uku da 256, ta huɗu ka bar ta yadda take, sannan ka tara. Idan ka yi wa 192.168.1.1 haka za ka sami 3,221,225,472 da 11,010,048 da 256 da 1, jimla 3,232,235,777. Ina roƙonka ka yi wannan lissafi da biro da takarda ko sau ɗaya ne kafin ka taɓa kwamfuta. Wanda ya yi shi da hannunsa, in ya ga amsa ta karkace zai ji a jikinsa.

Dalilin wahalar kuwa a fili yake. Rubutu ba ya jeruwa yadda adireshi ke jeruwa: in ka sa kwamfuta ta jera su a matsayin rubutu, 10.0.0.10 zai riga 10.0.0.9, domin harafi-harafi take dubawa. Lamba kuwa tana bin sahu. Haka nan in kana son sanin ko adireshi na cikin wani zango, misali 192.168.1.0/24, sai kawai ka duba ko lambarsa ta faɗa tsakanin 3,232,235,776 da 3,232,236,031. Ga kuma ajiya: rubutun na iya kai haruffa 15, lambar kuwa bayit 4 ta ishe ta.

Ga irin layukan da ake taƙama da su. A Python:

reduce(lambda a, b: a * 256 + int(b), adireshi.split("."), 0)

A Perl kuwa, wanda ya fi kowa son irin wannan wasa:

unpack "N", pack "C4", split /\./, $adireshi

Duka biyun suna da kyau, kuma ka ba su 192.168.1.1 za su ba ka amsa daidai. To amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ba su 192.168.1.256, adireshin da babu shi a duniya. Na Python zai karɓa ba musu, ya ba ka lambar 192.168.2.0, domin 256 ɗin ta malala zuwa gaɓar da ke hagunta. Na Perl zai datse abin da ya haura, ya ba ka lambar 192.168.1.0, kuma sai in ka kunna gargaɗi zai ce maka uffan. Sannan ba su 1.2.3, wanda gaɓa ɗaya ta ɓace masa. Na Python zai fito da 66,051, wato 0.1.2.3. Na Perl zai cike gurbin da sifili ya ce 1.2.3.0. Tsohon umarnin nan na harshen C, inet_aton, wanda harsuna da yawa ke jingina da shi, zai karanta shi 1.2.0.3. Rubutu ɗaya, amsa uku, kuma babu wanda ya ɗaga hannu ya ce akwai matsala. Ka lura da inda gajartar ta fito. Lissafin kansa dama gajere ne, babu abin ragewa a cikinsa. Abin da aka yanke don layin ya gajarta shi ne binciken abin da aka miƙo maka, kuma wannan binciken shi ne mafi yawan aikin.

Wani abu ma da ya shafe mu kai tsaye, mu da da yawanmu ke da allon rubutun Larabci a waya: umarnin int na Python yana karɓar lambobin Larabci. Ka ba shi ١٩٢ zai ba ka 192. Yana kuma haɗiye fili a gaba ko a baya, da alamar tarawa, da ɗan layin ƙasa a tsakanin lambobi. A wani wurin wannan sauƙi ne. A bakin ƙofar da baƙo ke rubuta abin da ya ga dama, ɓaraka ce.

Tuntuɓe na gaba shi ya fi kayar da masu JavaScript. Sukan ga cewa ninkawa da 16,777,216 daidai take da tura bit gurbi 24 zuwa hagu, sai su ɗauki alamar << don ta fi gajarta. Lissafinsu daidai ne, sai dai a JavaScript wannan alama tana aiki ne da lamba mai bit 32 wadda bit ɗinta na farko yake nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Irin wannan lamba iyakarta 2,147,483,647, wato 127.255.255.255. Daga 128.0.0.0 zuwa sama, rabin adireshin duniya ke nan, komai sai ya faɗa ƙasa da sifili. Adireshinmu na ɗazu sai ya koma -1,062,731,519. Maganin a wannan harshe ɗan ƙarami ne, ko dai ka ƙara >>> 0 a ƙarshe, ko ka koma ninkawa da tarawa. Umarnin ip2long na PHP ma haka yake yi a kan na'ura mai bit 32.

Ga abin da ya sa wannan kuskure ke daɗewa bai bayyana ba a wajenmu. Yaro zai gwada da 127.0.0.1, ya wuce. Ya gwada da 10.0.0.1, ya wuce. AFRINIC, hukumar da ke raba adireshi a Afirka daga tsibirin Morishas, manyan zangunan da ke hannunta sun haɗa da masu farawa da 41 da 102 da 105, da kuma masu farawa da 196 da 197. In ya yi sa'a layin da yake amfani da shi ranar ya ba shi mai farawa da 102 ko 105, gwajin duniyar gaske ma ya wuce. Sai manhaja ta fita, sai mai 197 ya shigo, sai a rasa dalilin da wasu ke shiga lafiya wasu kuma ana korarsu, alhali gari ɗaya suke, wataƙila ma ɗaki ɗaya.

A rumbun bayanai abin ya fi muni, domin can ɓarnar ba ta gyaruwa. MySQL yana da INET_ATON mai juyawar, amma gurbin da za ka zuba amsar dole ya zama INT UNSIGNED. In ka manta kalmar nan ta biyu, kuma ba a kunna tsauraran ƙa'idojin rumbun ba, duk lambar da ta haura iyaka za a datse ta a bar ta a kan 2,147,483,647. Duk wanda ya taɓa buɗe tebur ya tarar da dubban layuka kowanne na cewa baƙon daga 127.255.255.255 ya zo, ya san irin faɗuwar gaban da nake nufi. Lambar da ta faɗa ƙasa da sifili ana iya ceto ta da ƙara mata 4,294,967,296. Wadda aka datse kuwa ta tafi ke nan. Tun ran gini ran zane. Ranar da kake tsara teburin ita ce ranar kula da wannan.

Akwai kuma jerin bayit. A kan hanyar sadarwa, bayit mafi nauyi ke shiga gaba. Kwamfutocin da ke gabanmu kuwa, masu Intel da AMD da galibin masu ARM, mafi sauƙin suke ajiyewa a gaba. A Python, struct.unpack("!I", ...) yana bin jerin hanyar sadarwa, in ka cire alamar motsin rai don rage harafi ɗaya, sai ya bi jerin na'urarka, 192.168.1.1 ya zama 16,885,952, wato 1.1.168.192. A Perl bambancin N ne da V. Wayon wannan kuskure shi ne, in ka juya ka kuma mayar ta hanya ɗaya, adireshin zai dawo lafiya lau, ka ɗauka komai daidai ne. Sai wajen auna zango amsa ta watse. Kuma adireshin da kuka fi son gwaji da su, 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, ko ta ina ka karanta su abu ɗaya ne, don haka ba za su taɓa tona asirin ba.

Yanzu bari in tsaya a kan wanda na fi so ka riƙe, wato sifilin da ke gaban lamba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A al'adar harshen C, lambar da ta fara da 0 da ƙirgen takwas-takwas ake karanta ta, wadda ta fara da 0x kuma da ƙirgen sha shida. Tsoffin kayan aikin sadarwa na Unix da suka fito daga Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley sun ɗauki wannan al'ada, daga nan ta bazu ko'ina, har burauzar da ke wayarka. Mutum mai son tsafta zai jera adireshi a takarda ya cike su da sifili don su daidaita, ya rubuta 192.168.001.010. Ya ba ping wannan, sai ya ga yana buga 192.168.1.8, domin 010 a wancan ƙirge takwas ce. A Bash ma haka lissafi yake, har gara shi, in ya ga 08 ko 09 yakan tsaya ya yi ƙorafi, tunda babu 8 da 9 a ƙirgen.

Wannan zai tsaya a abin dariya da ba don tsaro ba. Manhajoji da yawa suna karɓar adireshi daga baƙo su je su ɗauko masa abu daga can, kamar hoto ko shafi. Don kada baƙon ya tura manhajar cikin gida, sai a sa mata tacewa: an hana 127.0.0.1, wato na'urar kanta. An hana zangunan cikin gida da RFC 1918 ta ware a 1996, masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168, an hana 169.254.169.254 inda manyan kamfanonin hayar saba ke ajiye bayanan na'ura. Ka ɗauka gida ne mai maigadi da ɗan aike. Baƙo ya miƙa takarda an rubuta 0177.0.0.1. Maigadi ya zubar da sifilin ya karanta 177, ya ce wannan can waje ne, a wuce. Ɗan aike ya karɓi takardar ya karanta da ƙirgen takwas, ya sami 127, ya nufi ƙuryar ɗakin maigida ya kwaso abin da ya tarar ya miƙa wa baƙo. Kowannensu ya yi aikinsa bisa karatunsa. Saɓanin karatun shi ne ƙofar.

Haka ya faru a 2021, kuma ba ga 'yan koyo ba. A watan Maris aka bayyana wannan ɓaraka a ƙunshin netmask na Node.js, wanda ɗimbin manhajoji ke dogaro da shi, kuma gyaran farko bai toshe ta duka ba sai da aka sake. Aka same ta a Net::Netmask na Perl. Aka same ta a ipaddress na Python kansa, aka gyara a fitowar 3.9.5 a watan Mayu. Aka same ta a harshen Go, aka gyara a 1.17 a watan Agusta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka kuma duba hukuncin da masu Python da Go suka yanke: ba su zaɓi ƙirgen goma ba, ba su zaɓi na takwas ba, sai suka ce duk gaɓar da ta zo da sifili a gaba a ƙi ta. A ganina sun yi daidai. Inda rubutu ke ɗaukar ma'ana biyu, duk wadda ka zaɓa akwai wata manhaja a gaba da ta zaɓi ɗayar.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa tace adireshi ta hanyar duba rubutunsa aikin banza ne. Rubuta 2130706433 a burauza, za ta kai ka 127.0.0.1. Haka 127.1, haka 0x7f.1. Hanyar da ta dace ita ce ka juya sau ɗaya da kayan aiki mai tsauri, ka yi hukunci a kan lambar, sannan ita lambar ko tsaftataccen rubutun da ka sake fitarwa daga gare ta za ka miƙa gaba. Asalin abin da baƙo ya rubuta kada ya wuce bakin ƙofa.

Za ka iya ce mini, to ai ga shi manyan ma sun yi kuskure, me zai hana in rubuta nawa? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, da aka gano ɓarakar Python, mutane da yawa suka duba ta, aka gyara wuri ɗaya, duk wanda ya sabunta ya tsira. Layin da ka rubuta da kanka, ko ka kwafo daga wani wuri ba ka san tarihinsa ba, babu mai bibiyarsa sai kai, kai ma bayan shekara ka manta yana nan. Abin ban dariyar kuma shi ne, layin da ya fi aminci sau da yawa ya fi na gasar gajarta. A Python, int(ipaddress.IPv4Address(adireshi)), kuma wannan ƙunshi yana cikin harshen tun fitowar 3.3 a 2012. A Ruby, IPAddr.new(adireshi).to_i. Na Python ɗin zai ƙi 256, ya ƙi gaɓa uku, ya ƙi lambobin Larabci, ya ƙi sifilin gaba. In Perl kake, ka fifita inet_pton a kan inet_aton, domin na biyun in ka ba shi sunan shafi maimakon adireshi zai tafi neman sunan a intanet ya dawo maka da amsa, abin da ba ka aike shi ba.

Sai dai in kayan aikin ya ƙi, ka bar shi ya ƙi. Na ga masu kama ƙorafin su haɗiye shi, su mayar da 0 don manhaja ta ci gaba da tafiya. To 0 ɗin adireshi ne, 0.0.0.0, kuma yana da ma'anarsa. A PHP, ip2long kan mayar da false in rubutun bai inganta ba, kuma in ka auna da == maimakon === ba za ka bambance shi da 0 ba. Rubutun da bai inganta ba a mayar wa mai shi, a rubuta a kundin aiki cewa an ƙi shi.

Kada kuma ka gina gida a kan cewa adireshi bit 32 ne har abada. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011 IANA, hukumar da ke raba wa su AFRINIC adireshi, ta raba zangunan IPv4 biyar na ƙarshe da ke hannunta, Afirka ta sami mai farawa da 102. Magajin IPv4, wato IPv6, bit 128 ne, lambarsa tana iya kai gurbi 39. Python ba ya damuwa da girman lamba. JavaScript kuwa lambarsa ta yau da kullum ba ta da tabbas bayan 9,007,199,254,740,991, sai ka koma BigInt. Excel gurbi 15 yake riƙewa, sauran ya mai da su sifili ba sallama. BIGINT na MySQL bit 64 ne, bai isa ba. A can INET6_ATON da VARBINARY(16) ake amfani da su, PostgreSQL kuwa yana da nau'in inet wanda ya ɗauke maka wahalar juyawar gaba ɗaya. In ka ajiye lamba, ka ajiye nau'inta tare da ita: ::1 na IPv6 lambarsa 1 ce, in ka miƙa 1 ɗin ga ip_address na Python zai dawo maka da 0.0.0.1. Masu Node.js kuma sukan tarar saba ta ba su ::ffff:192.168.1.1, layinsu mai yanka a kan ɗigo ya ruɗe a gaɓar farko.

Ban faɗi wannan duka don in sanyaya maka gwiwa ba. Yi gasarka, rage haruffanka, ka nuna wa abokanka. Haka muka koyi pack da unpack, kuma wanda bai taɓa wasa da bit ba ba ya sakin jiki da su. Amma abin da zai shiga aiki, ba shi suna mai ma'ana, ajiye shi wuri ɗaya kowa ya kira shi daga can, ka rubuta layi ɗaya a samansa mai cewa wane jerin bayit yake bi, me kuma yake ƙi. Ke 'yata da kike shugabantar ƙaramin rukuni a wurin aiki, in ƙaninki ya kawo miki layi mai ƙyalli, yaba masa tukuna, sannan ki zauna tare da shi ku gwada.

Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ba shi 0.0.0.0 ku ga 0, ku ba shi 255.255.255.255 ku ga 4,294,967,295. Ku ba shi 127.255.255.255 da 128.0.0.0, ku tabbatar na biyun ya ɗara na farkon da 1 kacal. Sannan ku miƙa masa abin da ya kamata ya ƙi: 256 a wata gaɓa, gaɓa uku, gaɓa biyar, sifilin gaba, fili a ƙarshe, rubutu wayam. In dole ta sa kuka rubuta naku, wataƙila a ƙaramar na'urar da ba ta da kayan aikin, akwai dabara mai arha: ku juya rubutun zuwa lamba, ku mayar da lambar rubutu, in abin da ya dawo bai yi daidai da abin da aka ba ku harafi da harafi ba, ku ƙi shi. Wannan na kama 256 da gaɓar da ta ɓace da sifilin gaba a lokaci guda. Juyewar bayit ce kawai ba ya kamawa. Ita sai ku ba shi 1.2.3.4: amsar 16,909,060 ce, in kuka ga 67,305,985 to jerin ya kife.